Hadarin Gabas da Arahar Otal a Bakin Teku

Da zarar damina ta yi tsakiya, kamfanonin shirya tafiye-tafiye kan cika wayoyin mutane da tallar wuraren shaƙatawa na bakin teku. Farin rairayi ne da shuɗin ruwa da bishiyoyin kwakwa, a ƙasan hoton kuma an rubuta farashin da ya sauko ƙwarai idan aka kwatanta da na Disamba. Shekarun baya wannan ba zancenmu ba ne, amma yanzu ya zama namu. Akwai ango da amarya masu son zuwa cin amarci Zanzibar ko Moris ko Maldibs, akwai 'yan kasuwa da ma'aikata da suka yi tari don su kai iyali su ga teku, akwai kuma 'ya'yanmu da ke karatu ko aiki a Amurka da Ingila, waɗanda tsibiran Karibiyan ba su yi musu nisa ba. Tambayar da ke gabansu ɗaya ce: a bi wannan araha a tafi a lokacin guguwa, ko a haƙura? Amsar ba e ko a'a kawai ba ce. Ta danganta da wane teku, wane wata, da kuma wane fasfo ne a aljihun matafiyin.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, guguwar da ke rushe otal-otal a Karibiyan galibi ta kanmu take bi kafin ta isa can. Duk wanda ya taɓa yin damina a karkarar Kunci ya san yadda hadari ke zuwa. Da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta ɗauke cak, zafi ya yi nauyi. Sai mata su hau kwashe shanya, yara su kora awaki cikin turke, maigida ya ɗaga kai ya duba duwatsun da ya danne kwanon ɗakinsa da su. Can sai iska mai sanyi ta taso da ƙura da ganyaye, gero da dawa su kwanta gefe guda, sannan ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Cikin sa'a ɗaya ko biyu ya wuce, ya nufi yamma, wajen Katsina da Zamfara da Sakkwato. A wurinmu magana ta ƙare ke nan, sai a jira na gaba. A wurin masana yanayi kuwa, nan labarin ya fara.

Tsakanin zafin Sahara da ke arewa da mu da danshin tekun Gini da ke kudu, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma, kimanin kilomita 3 zuwa 4 a sama. A cikinta ake samun wani lanƙwashewar iska da ke tasowa tun daga tsaunukan Habasha da Darfur, ta ratsa Chadi da Nijar da arewacin Najeriya da Mali, tana tattara hadari a tafe. Duk kwana 3 zuwa 5 ake samun guda, kusan 60 a shekara. Su ne ke kawo mana yawancin manyan ruwan damina. Idan suka fita daga gaɓar Senegal da Gini suka hau tekun Atlantika, mafi yawansu kan watse. Amma wanda ya tarar da ruwan teku mai ɗumin digiri 26 da rabi ko fiye, ga danshi a sama, ba kuma wata iska da za ta sare masa kai, sai ya fara juyawa yana shan tururin teku yana ƙara ƙarfi. Binciken masana ya nuna kusan kashi 60 cikin 100 na guguwoyin Atlantika, da kusan kashi 85 cikin 100 na mafiya muninsu, daga wannan hadari na Afirka suke fitowa.

Guguwar Irma ta 2017 misali ce a fili. Hadarin da ya haife ta ya bar gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarshen Agusta, aka raɗa mata suna ranar 30 ga watan kusa da tsibiran Kep Bad, ranar 6 ga Satumba kuma ta dira a kan tsibirin Barbuda da iska mai gudun kilomita 285 a sa'a. Ta lalata mafi yawan gine-ginen tsibirin, har aka kwashe mutanensa kaf zuwa Antigwa. Tun a 1990 wani masani Ba'amurke, William Gray, ya nuna cewa a shekarun da Sahel ya samu ruwa sosai, kamar shekarun 1950 da 1960, munanan guguwoyi sun fi yawa a gaɓar Amurka, a shekarun farin 1970 da 1980 kuma, waɗanda dattawanmu ba sa mantawa, sun ragu. Wannan abu yana taɓa ni duk lokacin da na tuna shi. Ruwan da manomi ke roƙo a masallacin Idi, wanda ke cika rumbu a nan, shi ne a wani lokaci yake zama musiba ga wani talaka a ƙetaren teku, kuma babu laifin kowa a ciki.

Saboda haka kalandar guguwar Atlantika ba baƙuwa ba ce a wurin Bahaushe, kalandar damina ce. A hukumance lokacin yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba. Amma watanni shidan nan ba ɗaya suke ba. A Yuni da Yuli ƙurar Sahara kan bi iska ta rufe teku, busasshiyar iska ce da ke shaƙe hadari tun yana ƙarami. Daga tsakiyar Agusta, daidai lokacin da marka ke jiƙa katangun ƙasa a ƙauyukanmu har su fara zubewa, abin yake kankama, ya kai ƙololuwa wajen 10 ga Satumba, ya ci gaba har tsakiyar Oktoba. A matsakaicin lissafin shekarun 1991 zuwa 2020, ana samun guguwa 14 masu suna a shekara, 7 daga ciki su kai matsayin mahaukaciyar guguwa, wato iskar da ta kai kilomita 119 a sa'a, 3 kuma su zama manya. A ma'aunin ƙarfin guguwa, mataki na biyar, mafi girma, yana farawa daga kilomita 252.

Masu cewa a tafi suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Teku yana da faɗi, tsibiri kuma ɗan ɗigo ne a cikinsa. Yiwuwar guguwa ta faɗa wa tsibirin da kake, a cikin satin da kake can, ƙarama ce ko a watan Satumba. Mafi yawan waɗanda suka je a wannan lokaci ba abin da suke gani sai ruwan la'asar da ke wucewa, ga wuri ba cunkoso, ga ɗaki mai kyau a kuɗi kaɗan. Sannan hasashe ya inganta. Cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke Mayami tana fitar da taswirar inda ake zaton guguwa za ta bi har kwana biyar gaba, tana ba da sanarwar a yi hattara sa'o'i 48 kafin iska ta iso, da gargaɗi na ƙarshe sa'o'i 36 kafin nan. Manyan otal-otal da dama an gina su da kankare mai jure iska, suna da janareta da tankunan ruwa, wasu ma suna alkawarin sauya wa baƙo rana idan guguwa ta ɓata masa hutu. Duk wannan gaskiya ne.

Inda na rabu da su shi ne, suna auna yiwuwar faruwar abin, ba sa auna nauyinsa idan ya faru, ba sa kuma tambayar wa zai ɗauki nauyin. Mai otal bai sauke farashi don yana ƙaunar baƙo ba. Ya sauke ne domin waɗanda suka san wurin sun ƙi zuwa, ragin da ya yi kuwa shi ne kuɗin haɗarin da ya ɗora wa wanda ya zo. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A Oktoban 2005 guguwar Wilma ta yi zaman dirshan a kan Kankun da Kozumel a Meziko, dubban masu yawon buɗe ido suka yi kwanaki a makarantu da ɗakunan taro, ba wuta, ba isasshen ruwa, ba jirgi. A farkon Satumban 2019 Dorian ta afka wa Abako a Bahamas da iska mai gudun kilomita 295, sannan ta tsaya kusan wuri guda a kan Babban Bahama fiye da yini tana tura teku cikin gari. Hasashen da ake taƙama da shi ma yana da iyaka. Guguwar Otis, a gefen tekun Fasifik, ta tashi daga ƙaramar guguwa zuwa mataki na biyar cikin kusan kwana ɗaya, ta shiga Akafulko da tsakar daren 25 ga Oktoba 2023, ta lalata mafi yawan otal-otal na birnin, alhali baƙi da yawa sun kwanta da tunanin ruwa ne kawai za a yi. Gefen kalandar ma ba tabbas: Beryl ta ragargaza tsibirin Kariyaku ranar 1 ga Yulin 2024, ta kuma zama guguwa mai mataki na biyar mafi saurin zuwa a tarihin da aka rubuta, Melissa kuma ta faɗa wa Jamaika ranar 28 ga Oktoban 2025, lokacin da ake ganin an kusa fita.

Akwai wani abu da mutumin tudu irinmu ya kamata ya sa a ransa. Mu iska muka sani, mun san ta yaye kwano ta karya darbejiya, don haka idan aka ce guguwa, iska muke hangowa. A bakin teku kuwa ruwa ne ya fi kisa. Guguwa kan tura teku gaba ya hau ƙasa da tsawon mita da yawa, ruwan sama kuma ya gangaro daga tsaunuka da laka da duwatsu. Nazarin da aka yi kan mace-macen guguwa a Amurka ya nuna kusan tara cikin goma ruwa ne ya ci su, ba iska ba. Ko guguwar tana can nesa da ɗaruruwan kilomita, rana na haskawa a inda kake, igiyar ruwan da take aikowa kan haifar da wata gangara mai jan mutum zuwa tsakiyar teku. Wanda ya koyi iyo a kududdufin bayan gari ko a gefen dam ɗin Gari ko Tomas bai san wannan ruwan ba, ruwan da ya sani a kwance yake. Jan tuta a bakin teku ba ado ba ne, hani ne, kuma ya shafi gwani da ɗan koyo. Ba sai an je nesa ba ma. Gaɓar Najeriya ba ta cikin hanyar irin waɗannan guguwoyi, amma a Agustan 2012 tumbatsar teku ta share rumfunan bakin ruwa na Kuramo a Legas cikin dare, aka rasa rayuka.

Sai maganar fasfo, wadda masu talla ba sa kawowa ko kaɗan, ita ce kuma ta fi damuna. Shawarwarin da ke yawo game da tafiya a lokacin guguwa an rubuta su ne don Ba'amurke ko Bature. Shi idan ya ga gargaɗi, sai ya sayi tikiti ya hau jirgin farko zuwa Mayami ko Toronto ko Landan, cikin 'yan sa'o'i yana gida. Mai koren fasfo ba haka yake ba. Akwai tsibirai kamar Barbados da Dominika da ɗan Najeriya zai shiga ba biza, amma jiragen da ke kwashe mutane idan abu ya ɓaci galibi Amurka da Kanada da Turai suke nufa, Amurka kuwa ko ratsawa za ka yi ta filin jirginta sai da biza. Ka ga ke nan jirgi na nan, kujera na nan, amma ba taka ba ce. Ga kwanakin otal da suka ƙaru a biya da dala, ga katin banki na naira da ba lallai ya yi aiki a waje yadda ake so ba, ga hutun ofis da ya ƙare, ga iyaye a gida hankali a tashe domin waya ba ta shiga. Abin da yake ɗan ɓacin rai ga wani, ga namu yana iya cinye tarin shekara biyu.

Inshorar tafiya tana rage wannan, amma tana da ƙa'idar da ya kamata a sani: sai an saye ta kafin a raɗa wa guguwar suna. Da zarar hukuma ta ba ta suna daga jerin da Hukumar Yanayi ta Duniya ke tanada, kamfanonin inshora sun ɗauke ta a matsayin abin da aka riga aka sani, ba za su biya ba. Kuma yawancinsu ba sa biyan wanda ya fasa tafiya don tsoro kawai, sai idan an soke jirgi ko otal ɗin ya lalace. Alkawarin otal na sauya rana ma sau da yawa ba mayar da kuɗi ba ne, takarda ce ta ka dawo wani lokaci, kuɗin jirgin dawowar kuma a kanka. A nemi a ga waɗannan sharuɗɗa a rubuce kafin a tura ko kwabo. Wanda ke da shakku kan halaccin inshora ya tambayi malaminsa, ya kuma bincika tsarin takaful.

Yawancin mutanenmu dai ba Karibiyan suke zuwa ba, gabas suke yi, kuma a can kalandar a juye take. A kudu maso yammacin Tekun Indiya lokacin guguwa yana kamawa daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Afrilu, ya fi tsanani daga Janairu zuwa Maris. Wannan kuwa shi ne daidai lokacin bukukuwanmu, bayan an yi kaka, amfani ya shigo, kuɗi ya zo hannu. Wanda aka ɗaura wa aure a Disamba ya ce zai kai amarya Moris a Janairu ya shiga tsakiyar abin ba tare da ya sani ba. A Janairun 2024 guguwar Belal ta cika titunan Fot Luwis, babban birnin ƙasar, da ruwa har motoci suna yawo a kai. Idai ta rusa Beira a Mozambik a Maris 2019, ta kashe fiye da mutum 1,000 a ƙasashe uku. Freddy ta 2023 ta yi sama da wata guda tana raye, ta yi ɓarna mai yawa a Malawi. Chido kuma ta daidaita tsibirin Mayot a Disamban 2024.

Zanzibar da Mombasa da Maldibs suna da sauƙi ta wannan fuska, domin kusa da layin Ikwaita juyawar duniya ba ta ba iska damar murɗewa ta zama guguwa. Ba a ce ba a taɓa gani ba, guguwar Hidaya ta taɓa gaɓar Tanzaniya a Mayun 2024, amma abu ne mai wuya. Damuwar can ruwan sama ne: a Zanzibar babbar damina Maris zuwa Mayu ce, a Maldibs kuma daga Mayu zuwa Oktoba. Teku kan yi fushi, a dakatar da ƙananan jiragen ruwa. Asarar hutu ce, ba kasafai take zama asarar rai ba, matuƙar ba a matsa wa mai kwalekwale ya fita ba bayan ya ce ruwa ba kyau. A Karibiyan ma tsibiran kudu, Aruba da Bonaya da Kurasawo, suna gefen hanyar da guguwa ta saba bi. Masu son Oman su sani Mayu da Yuni, da Oktoba da Nuwamba, su ne lokutan guguwa a tekun Larabawa. Mekunu ta shiga yankin Salala a Mayun 2018.

Kakanninmu matafiya ne na gaske, kuma ba su taɓa raba tafiya da lokaci ba. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro da rani suke tashi, madugu ya san kogin da ba a ƙetarewa idan ya kawo, ya san inda za a yada zango a jira. Har gobe ɗan cin rani sai ya ga amfani ya shiga rumbu yake ɗaukar jaka. Ba tsoro ne ya sa su haka ba, ba kuma ƙarancin tawakkali ba ne, malamanmu kullum suna faɗa cewa dogaro ga Allah bai hana riƙon sababi ba. Jirgin sama ya gajarta hanya, sai ya sa muka ɗauka ya shafe lokaci, alhali damina da rani suna nan a ko'ina, kowace ƙasa da nata.

Akwai kuma mutanen da ba a sa su a hoton talla. Idan guguwa ta zo, mai dafa abinci da mai share ɗaki da direba su ne ke kwana a otal suna kula da baƙi, alhali nasu iyalan suna can a gidajen katako da kwano a gangaren tsauni. Bayan guguwar Maria ta ratsa Dominika da Fuwato Riko a Satumban 2017, baƙi sun tafi cikin kwanaki, 'yan ƙasa kuma suka yi watanni ba wutar lantarki, an ƙiyasta mutum kusan 3,000 sun rasu a Fuwato Riko sanadiyyar guguwar da abin da ya biyo bayanta. Waɗannan ma'aikata suna buƙatar baƙi a watannin da kasuwa ta mutu, wannan ma gaskiya ne, kuma yana cikin dalilan da ba zan ce kowa ya ƙaurace ba. Amma baƙon da aka ce ya fita ya ƙi, ko ya tsaya ɗaukar hoton igiyar ruwa da waya, ya jawo wani ya sa ransa a haɗari don ceto shi. Wanda ya je a irin wannan lokaci, wajibi ne ya bi umarnin hukumar wurin nan take, ba gardama.

Hukuncina shi ne wannan. Wanda ke zaune a Amurka ko Turai, yana da takardun da za su fitar da shi ta kowace hanya, yana da inshorar da ya saya da wuri da tikitin da ake iya sauyawa, kuma asarar sati ɗaya ba za ta girgiza shi ba, yana iya zuwa Karibiyan a Yuni ko Yuli ko ƙarshen Nuwamba, ya riƙa duba hasashe safe da yamma. Wanda kuwa zai tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano da kuɗin da ya daɗe yana tarawa, da mata da ƙananan yara ko tsofaffi, kada ya je Karibiyan tsakanin tsakiyar Agusta da ƙarshen Oktoba, kada ya je Moris ko Madagaska ko gaɓar Mozambik tsakanin Janairu da Maris, komai arahar da aka yi masa. Idan a Agusta ko Satumba hutunsa ya faɗo, Zanzibar da Mombasa da Moris duk suna cikin sanyin rani a lokacin, ya nufi can. Ku kuma masu shirya wa jama'a tafiya a Kano da Kaduna da Abuja, ku riƙa faɗa wa mai saye dalilin ragin farashin kafin ku karɓi kuɗinsa, domin amana ya ba ku.